Idan na hau wifi na kyauta, za a iya gano ni?

Tambaya: Salam Malam. A wajen aikinmu ana cin haƙƙin ƙananan ma'aikata, ina so in tura wa 'yan jarida hujja amma ina tsoron a kore ni. In na je kafe ko na hau wifi na otal na buɗe sabon imel, za a iya gano ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Eh, ana iyawa, kar wani ya ruɗe ka.

Gaskiya ne lambar IP, wato adireshin da ake gane inda saƙo ya fito da shi a intanet, da za ta fita ta wajen ce ba taka ba, to amma ai ta riga ta nuna gini da lokaci, sauran aikin kuma mai sauƙi ne. Na'urar wifi ɗin tana iya ajiye lambar MAC ta wayarka, wato lambar da wifi ke gane kowace na'ura da ita, da mintin da ka hau, ga kyamarar CCTV a bakin ƙofa, ga wasu wuraren sai ka sa lambar waya an turo maka kod kafin su buɗe maka, layin nan kuwa tun Disamba 2020 aka fara tilasta haɗa shi da NIN. Kafe ma dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta ce su riƙe rajistar masu shiga, kamfanonin sadarwa kuma su adana bayanai har shekara biyu.

Ka ji abin da ya faru a jami'ar Harvard ta Amurka a Disamba 2013. Wani ɗalibi ya tura barazanar bam don a fasa jarrabawa, ya bi ta Tor, wato manhajar da ke ɓoye inda mutum ya hau intanet, ya yi amfani da imel na wucin gadi, amma a wifi ɗin makaranta ya hau wanda sai da sunanka ake shiga. Ba wanda ya fasa Tor ɗin fa, kawai dubawa aka yi su wa suka hau shi a wannan lokacin, FBI suka je masa da tambayoyi, shikenan ya amsa laifinsa.

Amma kai abin da ya fi damuna a kanka ba wannan ba ne, don shugabanninka ba su da ikon zuwa su karɓo bayanan nan sai dai hukuma. Su takardar za su duba. In mutum uku ne kaɗai ke ganinta a ofis kana cikinsu to an gama, ko daga duniyar wata ka turo ta. Sannan hoton waya yakan ɗauke da samfurin wayar da rana, wani sa'in har da inda aka ɗauka, ga salon rubutu, wallahi wanda kuka shekara kuna hira a guruf zai gane kalamanka.

Kar ka taɓa wifi ko kwamfutar ofis, kar ka buɗe Facebook ɗinka a zaman da za ka yi turin, incognito kuma, wato shafin sirri na burauza, tarihin burauza kawai yake hanawa a ajiye. Ka nemi ɗan jarida mai amana ta Signal, manhajar tura saƙo a sirrance, kuma kafin ka ba shi komai ka tambaye shi yadda zai ɓoye ka, in da hali ma ka fara ganin lauya.