Kuɗin Wasfaty ba aljihun saidali yake shiga ba

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka tambaya ko gwamnatin Saudiyya tana biyan saidali, wato mai ba da magani, gwargwadon yawan mutanen da ya sallama, tunda ka ji ana cewa aikin ya ƙaru. Na daɗe a bayan kanta a Jidda, kuma a gaskiya ba haka ake yi ba.

Wanda ke asibitin gwamnati albashinsa matakinsa yake bi da shekarunsa a aiki. Mu na saidaliyyar kasuwa kuwa, wato kantunan magani masu zaman kansu, aikinmu ya canza ne tun 2018 da aka shigo da Wasfaty, tsarin takardar magani ta kwamfuta, a ƙarƙashin NUPCO, kamfanin gwamnati mai sayo wa asibitoci magani. Likitan markaz, wato ƙaramin asibitin unguwa na gwamnati, ya rubuta magani a kwamfuta, saƙo ya shigo wayar ɗan ƙasa, ya zo mana da lambar hawiyyarsa, wato katin shaidarsa, ya karɓa, ko halala ba zai biya ba. Kuɗin kuma tsakanin hukuma ne da mai kanti. Kai saidali albashinka ne kawai, sai ɗan ihisani in ka cika abin da aka yanka maka na ciniki, kuma a inda na yi aiki man shafawa da bitamin ne ke cika shi, ba maganin hawan jini ba.

In ƙidayar takardu ake yi, lallai mun fi da sauri, don an huta da karanta rubutun likita mai kama da tafiyar tsutsa. Amma ga wata Hajiya mai ciwon suga an canza mata alƙalamin insulin. Sai ka nuna mata yadda za ta murɗa, ka sa ta maimaita a gabanka, ka ja mata kunne kada ta bar shi a mota cikin zafin nan, layi kuma ya kai ƙofa. A kwamfuta takarda ɗaya ce, daidai da ta mai karɓar Panadol. Wannan ne ke ci min rai.

Abin da ya taɓa albashi sosai shi ne sa'awada, wato dokar ware wa 'yan ƙasa kaso na guraben saidali: kashi 20 cikin ɗari a 2020, 30 a 2021, kuma ba a lissafa ɗan ƙasa sai albashinsa ya kai riyal 7,000. Baƙo bai shiga wannan ba.

Kafin ka sa hannu a kwantiragi, ka tambayi saidali nawa ne a kowane dawam, wato zangon aiki, kuma ko takardun Wasfaty na shiga lissafin ihisani a reshen da za a kai ka.