Likitar matata ta ƙi faɗa mini abin da suke tattaunawa

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Tun da matata ta haihu ta kasa barci, abinci sai an matsa mata, ga kuka ba dalili. Aka haɗa mu da likitar ƙwaƙwalwa, suna zama duk mako, kuma ta fara samun sauƙi. Ni nake biya, amma likitar ta ƙi faɗa mini abin da suke tattaunawa. Wani malami ya ce haƙƙina ne tunda ni ne mijinta. Tsorona kada asirin gidana take tonawa. Ina da 'yar'uwa mai aiki a asibitin, ya halatta ta leƙa mini fayil ɗin?

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka maka da alheri da ka kai ta asibiti a lokacin da wasu za su ce iskoki ne su bar ta a ɗaki.

Leƙen fayil haramun ne. Kai ka yi tajassusi, wato binciken sirrin wani a ɓoye, 'yar'uwarka ta ci amana, kuma tana iya rasa aikinta.

Abin da na riƙe a tambayarka shi ne, ba ka ce kana tsoron ta cutar da kanta ko jaririn ba. Ka ce kana tsoron abin da take faɗa a kanka. Hukuncin a nan ya rataya. Da rai ne ke cikin haɗari, da wajibi ne likitar ta sanar da wanda zai tsare shi, gwargwadon buƙata kawai. Haka Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke a zamanta na Burunai a 1993: asalin sirrin mara lafiya a ɓoye shi, sai in ɓoyewar za ta jawo cutar da ta fi ta tonawa.

Maganar malamin nan kuwa ban yarda da ita ba. Shugabancin da Allah Ya ba miji nauyi ne na ciyarwa da kariya, bai mallaka masa abin da ke cikin zuciyar matarsa ba. Kuɗin da ka biya na magani ne, ba ka sayi bakin likita ba. Masu wannan ra'ayi sukan ce ai giba take yi. To Hindu 'yar Utba ta zo gaban Annabi (SAW) ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, bai tsawata mata ba, ya ba ta mafita. In an yarda da haka wajen neman fatawa, neman lafiya fa? Hadisin da ya yi narko a kan yaɗa sirrin shimfiɗa yana magana ne a kan mai baza shi, ba mai gaya wa likita iya abin da magani ke buƙata ba. Sannan ka duba ƙarshen abin: ranar da ta gane maganarta na dawowa kunnenka, za ta kama bakinta, maganin ya tsaya, ku koma gidan jiya.

Likitar ma ba taurin kai take yi ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana fitar da bayanin mara lafiya sai a wasu 'yan wurare, kamar izininsa a rubuce ko umarnin kotu. Wannan bai saɓa wa shari'a ba, bin sa wajibi ne a kanta.

Ga hanyar da take halal: ka tambayi matarka, cikin lallami, ko za ta yarda ku yi zama ɗaya ku uku. In ta ce ba yanzu ba, kada ka canja mata fuska, kada ka yi barazanar daina biya. Kana kuma iya gaya wa likitar abin da kake gani a gida, sauraronka bai karya amana ba.

Ka tambayi kanka me ya sa wannan tsoron ya kama ka. In akwai abin da ka san yana ƙona mata rai, gyara shi tun yau, ba sai ka gan shi a takarda ba. Ka fita tun asuba ka dawo bayan isha, ita kaɗai da jariri a ɗaki, danginta suna Arewa. Samo mata wadda za ta taya ta zama. In kuwa ka ji ta ambaci mutuwa ko cutar da jaririn, kada ka jira ranar zama, ka kai ta asibiti nan take, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana nan.

Wallahu a'alam.