Tseren keke na farko: na kwalta ko na cikin duwatsu, kuma yaya zan shirya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina hawan keke sau uku ko huɗu a mako, ni kaɗai, kuma nakan yi kilomita 50 ba tare da na galabaita ba. Nan da wata biyu ina son shiga tseren masu sha'awa, ba na ƙwararru ba. Ina da keken hawan dutse nawa na kaina, wani abokina kuma ya ce zai ara mini keken tsere na kwalta. Da wanne ya kamata in fara, kuma me zan gyara a atisayena da kekena?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kilomita 50 ɗin nan tushe ne mai kyau, sai dai ba shi ake gwadawa ranar tsere ba. Mai tafiya shi kaɗai yakan zaɓi gudun da ya yi masa daidai ya zauna a kai. A tsere kuwa wasu ne ke zaɓa maka gudu, kuma ba sa barinsa wuri ɗaya: a fizga da ƙarfi bayan kowace kwana, a lafa, a sake fizga. Yawancin sababbin shiga ba nisa ne ke kayar da su ba, wannan fizgar ce, tun a cikin minti ashirin na farko.

Shawararmu ita ce ka fara da na dutse. Keken naka ne, jikinka ya san shi, ga shi zanen aro ba ya rufe katara. Keken da tsayinsa da nisan hannunsa ba su dace da kai ba zai bar ka da ciwon gwiwa da na wuya. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. A tseren dutse idan ka yi kuskure, galibi kai kaɗai za ka sha ƙasa, kuma ba da gudu mai yawa ba. A kwalta kana cikin ayarin mutum talatin ko hamsin ana zuba kilomita 35 zuwa 40 a awa, kuskurenka na kowa ne. Wanda bai taɓa tafiya cikin ayari ba bai kamata ya fara koyonta ranar tsere ba.

A atisaye ba sai ka ƙara nisa ba. Ka ware kwana biyu a mako don aiki mai zafi, kada su biyo juna. Rana ta farko, bayan ka ɗumama jiki na minti 15, ka yi minti huɗu da ƙarfin da ba za ka iya magana ba sai kalma ɗaya ko biyu, ka huta minti huɗu kana juya feda a hankali, ka maimaita sau huɗu ko biyar. Idan a na uku ka kasa riƙe gudun da ka yi a na farko, to ka fara da zafi fiye da kima, ka sassauta. Rana ta biyu ita ce maganin fizga: daƙiƙa 30 da ƙarfi, daƙiƙa 30 a hankali, sau goma a jere, hutun minti biyar, sannan ka sake zagaye ɗaya ko biyu. Sauran ranaku ka yi tafiya mai sauƙi, mai sauƙi da gaske, ɗaya daga ciki doguwa. Makon ƙarshe ka rage yawan tafiya da kusan rabi amma ka bar 'yan gajerun fizga. Ƙarfin da ba ka tara a mako bakwai ba ba za ka tara shi a kwana biyar ba, gajiya kawai za ka kai wurin tsere.

Tseren dutse da aka fi shirya wa masu sha'awa zagaye ne na hanya mai kilomita huɗu zuwa shida, a yi ta maimaitawa. Ƙwararru sukan shafe kusan awa ɗaya da rabi, na sababbi bai kai haka ba. Ka je ka zagaya hanyar kafin ranar, ko da safiyar ranar idan an ba da dama. Duk inda ya ba ka tsoro ka tsaya ka dube shi, ka gwada, in bai yiwu ba ka yanke shawara tun lokacin cewa a nan za ka sauka ka tura. Sauka da niyya daƙiƙa goma ne, faɗuwa kuwa tana iya cinye tseren gaba ɗaya. Tashin farko yana da zafi domin kowa na son shiga siririyar hanya kafin ɗan'uwansa, tunda a ciki wuce mutum yana da wuya. Ka yi ƙoƙari, amma kada ka ƙone kanka a minti uku na farko. Ka sauya giya kafin hawa ya kama ka. Sauyawa kana danna feda da dukkan ƙarfi ita ce ke tsinka sarƙa. A gangara ka tashi daga sirdi, feda biyu a daidai tsayi, gwiwa da gwiwar hannu a sake, yatsa ɗaya a kan kowane birki. Idonka ya kasance inda kake son bi, domin keke yana bin ido: ka ƙura wa dutse ido, dutsen za ka hau. Birki kuma kafin kwana ake kama shi. In ka damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana mai tsakuwa, tayar gaba za ta zame ba sallama. In wani ya cim maka daga baya ya yi magana, ka ba shi hanya a wuri na farko da ya yiwu.

Iskar taya ce ta fi komai sauya halin keken dutse, kuma sababbi kusan duk suna cika ta fiye da kima. Ga mutum mai kilo 70 a kan taya mai faɗin inci 2.3 ko 2.4 marar tib, ka fara da psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 22 a gaba, 24 a baya, ka riƙa ragewa ko ƙarawa ɗaya-ɗaya. Idan da tib a ciki ka ƙara kamar huɗu ko biyar, don kada rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya datse tib ɗin a kan dutse ya bar maka huji biyu a jere. Taya mai tauri tsalle take yi maimakon ta kama ƙasa. Mai laushi da yawa kuma takan lanƙwashe a kwana, ka ji rim yana bugun dutse. In tayarka marar tib ce, ka duba ruwan liƙe huji da ke ciki, yakan bushe cikin 'yan watanni. Shokazoba ta gaba ta nutse kusan kashi 20 cikin 100 na tsawon tafiyarta idan ka hau da kayan tsere, ta baya in akwai kashi 25 zuwa 30.

Ka kai keken wurin mai gyara mako biyu kafin tsere, ba ana gobe ba, don sabon abu ya sami lokacin zama. A auna sarƙa: mai giya 11 ko 12 a baya ana sauya ta idan ta miƙe kashi 0.5 cikin 100, in ba haka ba za ta cinye haƙoran giya ta riƙa tsallakewa. Fatar birki da ta rage ƙasa da milimita ɗaya a sauya. Kusoshin hannun keke yawanci an rubuta ƙarfin ɗaurinsu a jiki, galibi Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 4 zuwa 6, kada a wuce. Tsayin sirdi kuwa kada ka taɓa shi a makon tsere.

In ka dage sai kwalta, to sharaɗi ɗaya ne: ka shiga tafiyar ayari aƙalla sau ɗaya a mako daga yanzu, a kan keken da za ka yi tseren da shi. Wanda ke bin bayan wani kusa-kusa yana rage kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai kashe, saboda na gaba ne ke tsaga iska. Shi ya sa da zarar tazara ta buɗe tsakaninka da ayari ta kai mita goma, ka rufe ta nan take ko da za ka ji kamar ƙirjinka zai fashe, domin bayan minti ɗaya ba ta rufuwa. Ka nemi zama a kashi ɗaya cikin uku na gaba. Na baya su ne ke cin birki sosai a kowace kwana sannan su yi gudun ceton rai don su kamo, alhali na gaba sun wuce sumul. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda ke gabanka; ya ɗan kauce kawai ya taɓa ta, kai ne a ƙasa, shi ko ji ba zai yi ba. Ka riƙe layinka a kwana, fedar waje a ƙasa da nauyinka a kanta, kuma kada ka kama birki ba zato. Taya mai milimita 28 ga mai kilo 70 tana son psi 65 zuwa 75. Ƙarin hannayen nan masu miƙewa gaba da ake kwanciya a kai, dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana su a tseren da ake tashi tare.

Ko wanne ka zaɓa, ka ci abinci mai sitaci wanda cikinka ya saba da shi awa uku kafin tashi. Tseren da bai wuce awa ɗaya ba ruwa ya ishe shi. In ya zarce haka, ka riƙa samun giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, da ruwa rabin lita zuwa mililita 750, gwargwadon zafi. Makamashin da jiki ke ajiyewa yakan ƙare bayan kamar minti 90 na aiki mai zafi, kuma in ya ƙare ƙafa takan mutu farat ɗaya, don haka ka fara ci tun kafin yunwa ta zo. Duk abin da za ka ci ko ka sha ranar, ka gwada shi a atisaye.

Ka karanta ƙa'idar masu shirya tseren tun da wuri, domin wasu na neman lasisi, wasu na sayar da na yini ɗaya, kuma ba mai barinka ka tashi ba hular kwano. Ka isa awa ɗaya da rabi kafin lokaci, ka karɓi lambarka, ka ɗumama jiki na minti 20 da gajerun fizga biyu ko uku, ka gama saura minti goma a kira layi. A tseren dutse ka ɗauki tib ɗaya, ƙaramin famfo, abin cire taya, ƙaramin maɓallin kusoshi mai abin yanke sarƙa, da mahaɗin sarƙa wanda ya dace da yawan giyarka, domin na giya 11 ba ya hawa sarƙar giya 12.