Sun tuge min allon shago, wai ba kofar shagona ba ce?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da shagon gyaran waya kusa da wata mahadar titi, na sa mai walda ya kera min sayinbod na karfe na kafa a bakin kwalta, ko sati biyu bai yi ba wasu ma'aikata suka zo da mota suka tuge shi wai ba ni da izini kuma yana tare hanya. Don Allah ina ruwan gwamnati da allona?

Amsa: Wa alaikumus salam dan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Amma gaskiya daya ce, wurin da ka kafa allon nan ba naka ba ne, ba na mai shagon da kake haya ba ne ma. Filin mutum ya kare ne inda takardar filin ta ce ya kare, daga nan zuwa kwalta, da kwata da wurin masu tafiya a kasa, duk hakkin hanya ne.

Maganar izini kuma ba yau aka fara ta ba. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na hudu, ya sa kula da tallan waje, wato allunan talla na bakin hanya, cikin ayyukan kananan hukumomi. Daga baya jihohi suka shigo, Legas ta kafa hukumar kula da allunan talla ta LASAA a 2006, Abuja tana da sashen DOAS mai irin wannan aikin, a Kano da Kaduna kuwa duk abin da za a kafa a bakin titi sai ka ji sunan hukumomin tsara birane nasu, KNUPDA ko KASUPDA. Shi ya sa wani lokaci za ka ga karamar hukuma ta zo karbar kudin allo, na jiha ma sun zo, kowa da rasit dinsa, wannan rikicin nasu ne amma dan kasuwa ke shan wahalarsa.

To me ya sa naka ya tsone musu ido? Kalmar mahada da ka fada ita ce amsar. Ka dauki dan adaidaita sahu da zai fito daga layinku ya hau babban titi, idonsa bai wuce mita daya da 'yan kai daga kasa ba, daidai inda allonka yake, to dole sai ya turo kan adaidaitar cikin kwalta kafin ya hango abin da ke tahowa, ita kuwa motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 duk sakan daya, kafin direba ya gan shi ya taka birki aikin gama ya gama. Yaro dan makaranta da ya tsaya bayan allon zai tsallaka ma haka ne, ba ya gani ba a ganinsa. Sannan ga masu sa kwan fitila ja da kore a allo kusa da danja, da dare sai direba ya rasa wacce zai bi. Kar ka manta da iskar farkon damina, allon langa-langa da aka binne kafarsa da siminti rabin buhu tashi yake yi, ya fada kan mutum ko kan wayar wuta.

Batun kyan gari kuwa mutanenmu sun fi raina shi, amma ka duba gadar sama bayan zabe, fosta kan fosta har alamar hanya an like. Birnin Sao Paulo na Brazil da abin ya ishe su doka suka fara aiki da ita a 2007 suka sauke manyan alluna wajen dubu 15. Ni ban ce mu kai nan ba, kuma abin da ke ba ni haushi a nan gida shi ne sau da yawa kudin shiga ake bi, wanda ya biya sai a kyale allonsa ko da a tsakiyar kwana yake.

Abin yi, ka je ofishinsu da kanka, ka nemi su rubuta maka laifin da tarar, kar ka mika wa kowa kudi a hannu, ka biya a asusun gwamnati ka karbi rasit sannan ka dauko allonka. In ka dawo da shi kar ka mayar bakin kwalta, ka sa mai waldar ya yanke kafafun ya daura shi jikin bango saman kofar shago, sai ka dauki hoton wurin da awon allon ka kai musu su ba ka izini a rubuce kafin ka hada masa wuta.