Tallafin zuwa waje na zango ɗaya: amsa ga ƙanwarmu ta KASU

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina aji biyu a KASU, wato Jami'ar Jihar Kaduna, kina son tallafin da zai kai ki waje ki yi zango ɗaya ki dawo, amma ba ki san ta ina za ki fara ba. Ni na je ta Erasmus+ na Tarayyar Turai, na yi wata biyar a Sifaniya, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Wata uku na ɓata ina lalube a intanet kafin na gane ƙofar tana cikin makarantata. Ɗalibi ba ya neman wannan tallafi kai tsaye daga Turai. Sai jami'arki ta ƙulla yarjejeniya da wata jami'a a can, ita ce za ta tace ta tura sunaye. To gobe ki je ofishin hulɗa da jami'o'in waje ki tambaya: da wa muke da yarjejeniya, kuma ta shafi sashena? In babu, ki nemi malamin da ya yi digirinsa a Turai, galibi irinsu ne ke ɗauko ta.

Zaman daga wata 2 ne zuwa 12. Ba ki biyan kuɗin makaranta a can, ana ba da kuɗin jirgi gwargwadon nisa, sannan Yuro 800 zuwa 900 a wata, ya danganta da ƙasar. Sai dai kuɗina bai shigo ba sai da na sauka na buɗe asusu. Fasfo, inshora, zirga-zirgar jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja neman biza, duk yayana ne ya ɗauka. Kuma tunda zaman zango ɗaya ya haura kwana 90, bizar dogon zama za ki nema, ita kuwa tana jan lokaci.

Ga inda na ƙone, don Allah ki saurara. Akwai takardar yarjejeniyar karatu da ke jera kwasa-kwasan da za ki ɗauka can da waɗanda za su maye a gida. Na yi gaggawa, na canza kwas ɗaya bayan na isa, ban turo an sake sa hannu ba. Da na dawo aka ce ba a san da shi ba. Kwas mai yunit uku ya zame mini kari-oba, abokaina suka tafi bautar ƙasa ina zaune a Unguwar Rimi ina jira. Har yau abin na ci mini rai. Ki zauna da shugaban sashenku, kwas bayan kwas, ya sa hannu ya buga hatimi, ki ajiye kwafi.

Ki kuma duba kalanda. Zangon Turai yana farawa wajen Satumba da Fabrairu, namu kuwa tun yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022 ya karkace a jami'o'i da dama.

Maganar iyaye kuma, kada ki bari sai takardar gayyata ta zo. Ki fara da Mama tun yanzu, ki nuna musu masauki da ranar dawowa. Wane sashe kike? Faɗa mini in ga ko na san inda ya dace.