Likita, sau biyu ina ɓari, wai laifina ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 26, sau biyu ina ɓari, na farko yana wata biyu, na biyun sai da ya kai wata biyar, ba wani ciwo sosai kawai ruwa ya fashe min shikenan. Uwar mijina tace daka ne da ɗaukar jarka, wasu sunce aljani ne. Wallahi na rasa na kamawa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya mayar miki da alheri. Toh ɓarin nan biyu ba iri ɗaya bane. Wanda ake yi cikin sati 12 na farko, kusan rabinsa daga ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne, tun farko bai haɗu daidai ba, babu hannunki a ciki, kuma aikin gida ko kwanciyar aure basa zubar da lafiyayyen ciki, a daina ɗora miki.

Na biyun nafi so ki maida hankali. Ciki ya kai wata biyar sannan ruwa ya fashe ba tare da naƙuda mai zafi ba, abinda muke fara zargi shine bakin mahaifa ne ke buɗewa da wuri in ciki yayi nauyi, kuma yana da magani, ana ɗaure bakin da zare wajen sati 12 zuwa 14, sannan a cire zaren in haihuwa ta kusa, amma fa sai likitan mata ya duba ya tabbatar, shiyasa nake so kije tun kafin ki sake ɗaukar wani cikin. A yi miki sikanin, a auna suga da hawan jini, a duba rukunin jininki, in negatif ne akwai allurar anti-D, mai kare cikin da zai biyo baya, da ake yi cikin awa 72 bayan ɓari.

Ki fara shan folik asid tun yanzu, ki kwana cikin gidan sauro dan maleriya na zubar da ciki, in kin ga ɓatan wata ki fara awo da wuri. Addu'a kam a ci gaba, amma jiƙe-jiƙen da baki san me aka zuba ciki ba ki ajiye su.

In kuma kina da ciki kika ga jini yana jiƙa kunzugu cikin awa ɗaya, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jiri da ciwon mara ɓangare ɗaya, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne, wataƙila sai anyi wankin ciki ko kuma cikin a wajen mahaifa ya zauna.