Shin mu bi bangon dutse mu tone shi har gindi?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a wajen tonon kayan tarihi. Mun ci karo da saman wani bangon dutse, sai wani babba ya ce mu kwashe ƙasar gefensa biyu har gindi domin a ga siffarsa kafin wa'adin aiki ya cika. Hankalina bai kwanta ba. Akwai illa?

Amsa: Malam, fargabarka tana kan hanya, kada ku kwashe. Wannan ɗabi'a ta bin bango ita ce ɓarnar da na fi gani a wuraren tono, kuma galibi masu ba da umarninta hoto kawai suke nema na sakawa a rahoto.

Dutse ba ya faɗin ranar da aka ɗora shi, gwajin kabon-14 kuma, wanda ake auna shekarun ragowar abubuwa masu rai da shi, ba ya aiki a kansa. Shekarun bango suna cikin ƙasar da ta jingina da shi. Magina sun haƙa ramin harsashi, wanda ya yanke shimfiɗun ƙasa (hawa-hawan ƙasar da ta taru bisa juna) da suka riga shi, sannan suka cike gefen ramin. Tsingaro ko gawayin da ke cikin wannan ciko shi ne ke nuna cewa ba a yi ginin kafin zamaninsa ba. Daɓen da ya taɓa bangon yana nuna lokacin da aka zauna a ciki, ɓaraguzan da ke bisa daɓen kuma lokacin rushewa. Duk wannan shaida tana cikin 'yar tazarar da ake so ku kwashe, kuma idan ta tafi babu kuɗi ko na'urar da za ta dawo da ita. Bango zai tsaya tsirara, kowa ya laƙaba masa shekarun da ya ga dama.

Ko ƙwararru sun yi tuntuɓe a nan. John Garstang, masanin tonon kayan tarihi ɗan Birtaniya, ya danganta wasu katangun tsohon birnin Yariko da ke Falasɗinu da wajen 1400 kafin haihuwar Annabi Isa, amma da takwararsa Kathleen Kenyon ta yi tono a wurin daga 1952 zuwa 1958 tana karanta shimfiɗun da ke jikinsu, sai ta nuna sun girmi haka da ɗaruruwan shekaru.

Ku yanka ramin gwaji a gicciye da bangon, ku bar fuskar ƙasa a tsaye manne da duwatsun, ku zana ta, ku ba kowace shimfiɗa lambarta, sannan ku sauka daga sabuwa zuwa tsohuwa. Idan wa'adi ya cika, ku rufe abin da ya rage da ƙasa har zagaye na gaba.